Kafin ka zuba kuɗinka a monoblock

Hutun da ya wuce na je gida Giyawa, na tarar ƙanena yana tara kuɗin albasa zai sayi amfilifaya monoblock guda biyu, wai haka ya gani a YouTube. Ɗakin nasa kuwa ciki ɗaya ne, daga katifa sai akwati. Na hana shi, kuma shawarar da na ba shi ita zan ba ku, 'yan uwana ɗalibai.

Gaskiya monoblock yana da nasa alheri. Lasifika ɗaya yake turawa, da nasa taransifoma, don haka sautin hagu ba ya shiga na dama. Amma fa sai ka sayi biyu, alhali stereo akwati ɗaya ne mai riƙe lasifika biyu. A ƙaramin ɗaki wallahi da wuya kunnenka ya ji bambancin.

Mu nan damuwarmu wuta ce da zafi. Yawancinmu kan sola da batir muke, kuma a watan Afrilu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40. Amfilifaya samfurin Class D yana kai kusan kashi 90 na wutar da ya sha ga lasifika, shi kuwa Class AB kusan rabi yake zubarwa ta zafi.

Saboda haka, malam, nemi stereo Class D, ka duba ko ohm 4 ne lasifikarka ko 8, su dace. Ragowar kuɗin ka sa a lasifika mai kyau da batir. Monoblock kuwa a bar wa masu babban zaure.