Wa Ya Ce Tsoro Na Mata Ne?

  

Kwanakin baya an kira mu sulhu a wata unguwa da ke kusa da masallacinmu. Samari biyu ne suka yi cacar baki a gidan kallon ƙwallo, aka raba su, kowa ya kama gabansa. Da ɗayansu ya koma majalisarsu sai abokai suka sa shi a gaba: "Ashe kai mace ne? A zage ka ka yi shiru? To je gida ka ɗaura zani." Kafin gari ya waye ya nemi wuƙa. Yau ɗaya yana kwance a asibiti, ɗaya yana hannun hukuma, iyayensu mata biyu, waɗanda tare suke zuwa Islamiyyar dare, an bar su da hawaye. Da muka samu ganin yaron muka tambaye shi abin da ya kai shi, sai ya ce: "Malam, wallahi na riga na huce. Kunyar a ce mini mace ce ta sa." Wannan amsa ce ta sa muka ɗauki alƙalami.

Mu saurari bakinmu da kyau. Idan mutum ya tsaya da ƙafarsa a gaban haɗari sai mu ce namijin duniya ne, ya nuna mazantaka. Idan aka yi aiki mai wuya sai mu ce an yi namijin ƙoƙari, ko da kuwa ungozoma ce ta kwana tsaye a kan mai naƙuda. Jaruman da suka shuɗe mazan jiya muke ce musu. A ɗaya ɓangaren kuma, wanda ya tsorata zuciyar mata gare shi, wanda ya zubar da hawaye yana kuka kamar mace, wanda ya ja da baya a miƙa masa zani da kallabi, wanda yake shawara da iyalinsa mijin-ta-ce ne. Hatta macen da ta zame mana dole mu yaba, sai mun ara mata rigar maza tukuna, mu ce mace mai kamar maza. Ma'anar da ke ƙarƙashin waɗannan kalamai ɗaya ce: ƙarfin zuciya kayan maza ne, mace in ta same shi aro ta yi, tsoro kuma kayan mata ne, namiji in ya ji shi ya faɗo daga matsayinsa zuwa nasu.

Abin da muke son tambaya a matsayinmu na Musulmi shi ne: wannan rabo daga ina muka samo shi? Mun duba littafin Allah da tarihin magabata, sai muka tarar suna ƙaryata shi.

A aya ta 11 ta Suratut Tahrim, Allah Ya buga wa muminai misali da matar Fir'auna, wadda hadisi ya ambata da suna Asiya. A lura, ba a ce misali ga mata kaɗai ba. Dukkan masu imani aka nuna wa ita, har da barade da malamai. Mace ce a gidan mutumin da ya yi da'awar allantaka, wanda manyan mazan Masar suke rusuna masa, amma ita ta zaɓi imani ba ta ji tsoron azabarsa ba. A aya ta 35 ta Suratul Ahzab kuma an jera siffofi goma na mutanen kirki, cikinsu har da gaskiya da haƙuri, kowace siffa an ambaci maza an ambaci mata, aka kuma haɗa su a sakamako ɗaya. Gaskiya da haƙuri kuwa su ne ginshiƙan jarumta.

Idan muka koma Sira, rai na farko da aka ɗauke saboda kalmar tauhidi ran mace ne, Sumayya mahaifiyar Ammar ɗan Yasir, wadda Abu Jahil ya soke da mashi a Makka bayan ta ƙi barin addininta. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, lokacin da sahu ya watse har wasu daga cikin sahabbai suka juya, abin da Alƙur'ani ya ambata ya kuma bayyana cewa Allah Ya yafe musu, Nusaiba 'yar Ka'ab, wato Ummu Umara, ta ajiye salkar ruwan da take shayar da mayaƙa ta ɗauki takobi ta tsaya tana kare Manzon Allah (SAW). Ta fita da raunuka fiye da goma, mafi muninsu sara a kafaɗa. Bayan wafatin Annabi ta halarci yaƙin Yamama, a can ta rasa hannunta. A Hunaini, shekara ta 8, Imam Muslim ya ruwaito cewa an ga Ummu Sulaim ɗauke da wuƙa a shirye take ga duk maƙiyin da ya kusance ta.

Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar kuma ita ce take kai abinci a ɓoye a kwanakin Hijira. Abu Jahil ya zo ƙofar gidansu yana neman labarin mahaifinta, ya mare ta har ɗan kunnenta ya faɗi, ba ta tona asiri ba. Shekaru fiye da 70 bayan haka, tana tsohuwa idonta ya tafi, ita ce ta ƙarfafa wa ɗanta Abdullahi ɗan Zubairu gwiwa lokacin da rundunar Hajjaju ta kewaye shi a Makka. Da aka kashe shi Hajjaju ya aika a kira ta, ta ƙi zuwa, sai shi ya tako ya zo, ta kuwa faɗa masa gaskiya ido da ido a zamanin da maza da yawa suka kama bakinsu. Kuma kada mu manta, ranar da wahayi ya fara sauka Annabi ya dawo daga kogon Hira zuciyarsa tana bugawa, Nana Khadija ce ta lulluɓe shi, ta natsar da shi, ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal.

To, ya ɗan'uwa mai karatu, idan muka ce wa matsoraci "mace", wace macen muke nufi? Sumayya ko Nusaiba? Ko kuwa wadda ta haife mu? A al'adarmu ta Hausa ana so mai haihuwar fari ta danne ciwon naƙuda, ta cije, kada a ji muryarta. Al'ummar da take neman wannan dauriya daga yarinya mai ƙananan shekaru ita ce kuma take kiran tsoro halin mata. Alƙur'ani ya ambaci wahalar ɗaukar ciki da haihuwa a Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf, hadisi kuma ya lissafa macen da ta rasu wajen haihuwa cikin shahidai. Yawancin masu cika baki a majalisa ba su taɓa tsayawa kusa da mutuwa kamar yadda iyayensu mata suka tsaya ranar haihuwarsu ba.

Mun san ɗalibai za su kawo hujjoji, kuma ya dace a amsa musu. Wani zai ce ai a aya ta 87 ta Suratut Tauba an zargi munafukan da suka ƙi fita yaƙi da cewa sun yarda su zauna tare da waɗanda aka bari a gida, kuma malaman tafsiri da yawa sun ce mata ake nufi. Haka ne. Amma abin zargin shi ne mutum ya gudu daga wajibin da aka ɗora masa, ya ɓuya cikin waɗanda Shari'a ta ɗauke wa wannan wajibi. Macen da ta zauna a gida ba ta saɓa wa kowa ba, kamar yadda aya ta 91 ta ɗauke laifi daga raunana da marasa lafiya. Laifin munafunci ne, kuma masu shi a wannan ƙissa maza ne masu lafiya da dukiya.

Wani kuma zai kawo hadisin Ibnu Abbas da ke cikin Bukhari, wanda ya la'anci maza masu kwaikwayon mata da mata masu kwaikwayon maza. Malamai sun bayyana cewa wannan ya shafi sutura da ado da salon tafiya da magana, abubuwan da kowane jinsi ya keɓanta da su. Bai shafi kyawawan ɗabi'u ba. Macen da ta yi jarumta ba ta kwaikwayi maza ba, namijin da ya yi tausayi bai kwaikwayi mata ba. Hanin ma ɓangare biyu ya hau, don haka babu inda ya nuna cewa zama mace abin kunya ne. Ba mu musanta cewa Allah Ya bambanta halittar maza da mata ba, ko cewa Ya ɗora wa namiji nauyin ciyarwa da kariya. Abin da muke musantawa shi ne a mayar da sunan rabin al'umma zagi.

Sannan mene ne jarumtar ma? Imam Gazali a littafinsa Ihya'u Ulumiddin ya bayyana ta a matsayin tsaka-tsaki tsakanin tsoro da ganganci. Wanda tsoro ya hana shi tsayawa kan gaskiya ya gaza, wanda kuma ya afka wa haɗari ba tare da hankali ba ya wuce gona da iri. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi ya sauya wa sahabbai ma'aunin ƙarfi: ya ɗauke shi daga mai kayar da mutane a kokawa, ya ba wa mai mallakar kansa lokacin fushi. Da wannan ma'auni, yaron nan da muka ambata a farko jarumi ne a daren da ya haɗiye fushinsa ya tafi. Ya zama matsoraci ne da safe, lokacin da tsoron bakin abokai ya rinjayi tsoron Allah a zuciyarsa. Abokansa sun juya masa ma'auni, ya biya da rayuwarsa ta gaba.

Ɓarnar ba ta tsaya a kansa ba. Duk wanda ya zauna da 'yan daba a Kano, ko 'yan sara-suka a Bauchi da Jos, ko 'yan kalare a Gombe, ya san cewa kalmar "in kai namiji ne" tana cikin igiyoyin da ake jan yara da su. A cikin gidaje kuma, magidanci nawa ne ya furta saki ba don ya gaji da matarsa ba, sai don kada 'yan'uwa su ce an shanye shi? Alhali Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, kuma a Hudaibiyya, shekara ta 6, da shawarar matarsa Ummu Salama ya yi aiki aka warware matsalar da ta tsaya wa sahabbai a rai. Muna hana yaro kuka muna cewa namiji ba ya kuka, alhali idanun Annabi sun zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim yake barin duniya, da Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya sanar da shi cewa rahama ce. Yaron da aka hana kuka yakan girma ya ɓoye ciwo, ya ƙi zuwa asibiti, ya ƙi neman afuwa.

Ita kuma yarinya tana gefe tana ji. Tun tana ƙarama ta san cewa idan ana son a ƙasƙanta yayanta, da sunanta ake kiransa. Sannan gobe mu yi mamaki don an zalunce ta ta kasa buɗe baki, ko an tauye mata gado ta kasa zuwa gaban alƙali. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a littafinsa Nurul Albab ya soki malaman da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, inda jajis suke taka sayyada daga ƙauyuka su ɗauko ilimi su kai wa mata 'yan'uwansu. Wannan shi ne gadonmu, kuma bai dace harshenmu ya riƙa rushe shi ba.

Ba muna cewa duk wanda ya ce "namijin ƙoƙari" ya yi zunubi ba. Kalma ce da ta zauna a harshe, masu faɗarta galibi yabo suke nufi, kuma haramtawa ba abin wasa ba ne. Amma jifan mutum da "mace" ko "ɗan daudu" don a muzanta shi, wannan ya shiga ƙarƙashin hanin aya ta 11 ta Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da aibata juna da jifa da munanan laƙabobi. Idan kuma kalmar ta tunzura wani ya zubar da jini, mai faɗarta yana da nasa kason a wurin Allah, ko da kotu ba ta neme shi ba.

Hausa ba ta rage mu da komai ba. Muna da jarumi da jaruma, gwarzo da gwarzuwa, matsoraci da matsoraciya, rago da raguwa. Harshen da kansa ya shaida cewa kowane hali ana samunsa a kowane jinsi. Sai mu kira abu da sunansa. Uba in ɗansa ya ji tsoron duhu, ya ce masa ya yi addu'a ya daure, kada ya kwatanta shi da ƙanwarsa. Malaman Islamiyya su karantar da tarihin Nusaiba da Asma'u a ajin maza kamar yadda suke karantar da na Hamza da Khalid, mu masu hawa mumbari mu fara gyara namu bakin. Matashi kuma in ya ga abokinsa ya bar faɗa ya tafi, ya ce masa ya yi ta maza in ya ga dama, amma ya fi kyau ya ce masa ya yi ta muminai.

Annabi ya kasance yana neman tsarin Allah daga tsoro a cikin addu'o'insa, kuma ya koyar da al'umma gaba ɗaya wannan addu'a, maza da mata. Muna roƙon Allah Ya tsare mu daga tsoron faɗar gaskiya, Ya tsare harsunanmu daga cutar da bayinSa, Ya saka wa iyayenmu mata da Aljanna, Ya shirya mana matasanmu. Allah ne Mafi sani.