Kunci Ba Ta da Dajin da Zai Ɗauki Wannan Harsashi

Wata tambaya ta fara zagaye a majalisun masu hali na Kano, musamman waɗanda ke da gona a ƙauye suna zaune a birni: wace bindigar farauta ce marar nauyi, mai saiti, wadda ke ɗura wa kanta harsashi bayan kowane harbi, kuma ba ta cijewa? Masu tambayar sun sha kallon bidiyon maharban Amurka, sun haddace sunaye irin su Ruger 10/22, wadda aka fara ƙerawa a 1964 kuma nauyinta bai kai kilo biyu da rabi ba. A Montana ko Alaska tambaya ce mai ma'ana. A Kunci kuwa, amsarta ta gaskiya ita ce babu ko ɗaya, kuma ya kamata mai tambayar ya fito fili ya faɗi abin da yake nufin harbi.

A fara da ƙasar kanta. Kunci, wadda hukuma ta sauya wa suna zuwa Ghari, tana cikin yankin nan na arewacin Kano inda gona ke jingine da gona. Tun a shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin karkarar Kano a matsayin ɗaya daga cikin wuraren noma mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa suka yi. Duk inda mutum ya tsaya ya ɗaga kai, akwai rumbu, ko rijiya, ko burtali, ko yarinya da tulu. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ba tudun da zai tare abin da ya kuskure. Da rani, lokacin farauta ke nan, an girbe gero da dawa, fili ya buɗe fayau.

Sai harsashi. Ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a dogayen bindigogin farauta, wato .22, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi idan bai gamu da komai ba, kuma an san shi da ɗabi'ar tsalle idan ya bugi busasshiyar ƙasa. Babban harsashi irin .308 yana wuce kilomita uku. A zana da'ira mai wannan faɗi a ko'ina tsakanin Kunci da Bichi, a ƙirga gidajen da ke cikinta. Bindiga mai ɗura wa kanta harsashi tana ƙara wa wannan haɗari abu guda: harbi na biyu da na uku suna fita kafin hankali ya dawo daga na farko. Maharbin da ya san harbi ɗaya gare shi yakan jira, ya duba abin da ke bayan naman. Wanda ke da goma a jaka ba ya jin wannan tilas.

Kuma me ake harbi? Barewa da gada sun yi ƙaranci a wannan yanki tun da daɗewa. Abin da mafarauci ke ratayo wa gida shi ne zomo, makwarwa, kurege, gafiya, wani lokaci zabon daji, sai tsuntsayen ruwa a gefen madatsar Gari. Waɗannan na kare ne da gora, ko kuma bindiga mai watsa ƙananan 'ya'ya, waɗanda ƙarfinsu ke mutuwa cikin 'yan ɗaruruwan taku. Dajin Falgore, wanda za a iya kira daji da gaske, yana can kudancin jihar, kuma gandu ne da aka keɓe.

Ko ta fuskar fasaha zalla, zancen bai tsaya da ƙafarsa ba. Masu harbin nesa sun daɗe da fifita bindigar da ake ɗana ta da hannu, domin ba abin da ke motsi a cikinta lokacin da harsashi ke fita. Mai ɗura wa kanta tana dogara da ƙarafa masu zamiya da ke son tsabta da mai, ga shi ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai sai ta zama taɓo. Maƙerin da zai gyara bindigar baushe a ranar kasuwa ba shi da kayan gyaran wannan.

Ƙasashen da ake kwaikwayo ma sun san da haka. A Amurka, jihohi masu shimfiɗaɗɗun gonaki irin su Ohio da Iowa sun shafe shekaru masu yawa suna hana farautar barewa da bindiga mai harbin nesa, saboda gidajen manoma. Birtaniya, bayan kisan Hungerford na 1987, ta haramta dogayen bindigogi masu ɗura wa kansu harsashi a 1988, in ban da ƙaramar .22.

A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi uku. Akwai haramtattu, waɗanda sai da lasin Shugaban Ƙasa, ciki har da bindigogin soja masu harsashi 7.62mm, kuma .308 da ake yabo a bidiyo faɗinsa ɗaya ne da wannan. Akwai na amfanin kai, waɗanda lasinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Akwai kuma masu ɗuri ta baki, irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. A Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya sanar da dakatar da bayar da lasin. Wanda bai da takarda kuma ya nace sai ya mallaki irin wannan bindiga, kasuwar bayan fage zai nufa, wadda ita ce kasuwar da ke ciyar da 'yan bindigar da yake tsoro.

Domin tsoro ne ainihin maganar, kuma ba tsoron banza ba ne. A ƙarshen 2025 an kai hare-hare a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, kuma Tsanyawa maƙwabciyar Kunci ce. Mai gona yana da haƙƙin ya damu. Amma idan kariya yake nema, sai ya kira ta da sunanta, a yi muhawarar a fili. An taɓa yin ta a Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasin bindiga, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Muhawara ce mai wuya, kowane ɓangare na da hujja. Abin da ba shi da hujja shi ne a lulluɓe ta da rigar farauta.

Wanda ke biyan kuɗin wannan lulluɓi shi ne mafaraucin gaske. A ƙarshen Maris 2025, a garin Uromi na jihar Edo, aka tare matafiya da ke dawowa Kano daga jihar Ribas don yin Sallah a gida, aka ga bindigogin gargajiya a motarsu, aka kashe mutum 16. Da yawansu 'yan Torankawa ne a ƙaramar hukumar Bunkure. Gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya. Laifin kisan yana wuyan waɗanda suka aikata shi, ba wani ba. Sai dai abin da ya faru ya nuna yadda kalmar "mafarauci" ta rasa kariya a idon ƙasa, har ta zama abin zargi. Duk lokacin da wani mai kuɗi ya ɓoye makami mai kama da na yaƙi a bayan wannan kalma, yana ƙara zaizaye ta ne, alhali shi ba zai taɓa hawa bayan tirela da karnuka ya ratsa shingayen 'yan banga ba.

Lauyoyi da likitoci da ma'aikatan banki 'yan asalin Kunci suna da abin da sarkin dawa ba shi da shi: suna iya rubuta takarda a karanta ta. Da sun juya ƙwazon kwatanta bindigogi zuwa ga rajistar mafarauta a kowace gunduma, da katin shaida mai hoto da ɗan sanda a Edo zai iya tantancewa, da matsa wa wakilin Tsanyawa da Kunci a Majalisar Wakilai ya nemi a sake duba dokar da ta girme 'yancin kan Najeriya da shekara guda, da sun yi wa farauta aiki. Takardar farko ba ta buƙatar komai sai sa hannun hakimi da jerin sunayen masu baushe a ƙasarsa.