Duniyar Kaɗe-Kaɗe: Dattawan Soft Machine Da Gardamar Gadon Suna

A cikin watan Satumba na shekarar 2018 waɗansu makaɗa huɗu na ƙasar Ingila suka fito da wani faifai mai suna Hidden Details, suka kuma rubuta sunan Soft Machine a bangonsa. Rabon da a ga sabon faifai ɗauke da wannan suna tun shekarar 1981, wato shekara 37 ke nan. Fitowarsa ke da wuya sai tsohuwar gardama ta taso tsakanin masu sha'awar wannan kiɗa, domin kuwa a cikin mutanen huɗu babu ko ɗaya da aka kafa ƙungiyar da shi.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya san asalin abin. An kafa Soft Machine a shekarar 1966, kuma tushenta yana garin Canterbury. Waɗanda suka kafa ta su ne Robert Wyatt da Kevin Ayers da Daevid Allen da Mike Ratledge, sunan kuwa sun aro shi ne daga wani littafin marubucin nan na Amurka, William Burroughs. A 1968 suka zaga Amurka tare da Jimi Hendrix. Daga nan sai suka soma rage waƙa suna ƙara kiɗa zalla, suna gauraya kiɗan samari na rok da kiɗan jaz na baƙar fatar Amurka, daidai lokacin da Miles Davis yake shigar da kayan kiɗa masu aiki da lantarki cikin nasa jaz ɗin. Faifansu na uku, mai suna Third, wanda kamfanin CBS ya fitar a 1970, tagwayen faifai ne masu fuska huɗu, kowace fuska kiɗa ɗaya tak na kusan minti ashirin. A watan Agusta na wannan shekara suka zama ƙungiyar rok ta farko da ta yi wasa a bikin kaɗe-kaɗen Proms a zauren Royal Albert Hall na birnin Landan.

Amma fa ƙungiyar ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. Allen ya fita a 1967, Ayers ya bi shi a 1968, Wyatt ya tafi a 1971, Ratledge kuma ya ajiye aiki a 1976. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 kasuwa ta juya wa dogon kiɗa baya, samarin Ingila sun koma ga gajerun waƙoƙi masu zafi, manyan kamfanonin faifai kuwa inda kuɗi ya nufa can suke bi.

To, su wane ne mutanen 2018? Akwai John Marshall mai ganguna, wanda ya shiga ƙungiyar a 1972, da Roy Babbington mai jitar bes, wanda ya zama cikakken ɗan ƙungiya a 1973, da John Etheridge mai jita, wanda ya gaji Allan Holdsworth a 1975. Autansu shi ne Theo Travis mai busa saksafon da sarewa, wanda yana ɗan shekara biyu aka kafa ƙungiyar. A lokacin fitar faifan Babbington yana da shekara 78, Marshall 77, Etheridge kuma 70. Sun shafe wajen shekara goma suna wasa da sunan Soft Machine Legacy, wato magada, kafin su yar da kalmar ƙarshe a 2015.

Faifan bai bi ta hannun wani babban kamfani ba. A Ingila ya fito ne ta Dyad, ɗan ƙaramin kamfanin Etheridge, a Amurka kuwa ta MoonJune, wanda Leonardo Pavkovic ya kafa a birnin New York a 2001, ya kuma raɗa masa suna daga wani kiɗan Wyatt da ke cikin Third. An ɗauki kiɗan a watan Disamba na 2017 a ɗakin ɗaukar sauti na Jon Hiseman, tsohon mai gangunan ƙungiyar Colosseum, wanda ya rasu a watan Yuni na 2018 tun faifan bai shiga kasuwa ba. Amfanin wannan 'yanci a fili yake: babu manajan da zai ce a datse kiɗa don ya dace da gidan rediyo, ko a sa mawaƙi don a ƙara ciniki. Illarsa kuma ita ce ƙarancin talla, ta yadda sai wanda ya riga ya san hanya ne zai kai gare shi.

Duk wanda ya saurara zai ji ƙamshin shekarun 1970. Akwai gurnanin jitar bes da aka bi da ita ta na'urar da ke kaurara murya, irin wanda marigayi Hugh Hopper ya shahara da shi, akwai taushin fiyanon lantarki na Fender Rhodes, ga kuma bugun da ba ya tsayawa a kan ƙirga huɗu-huɗu da kunne ya saba da shi. Har ila yau sun sake kaɗa biyu daga cikin kaɗe-kaɗen Ratledge: Out-Bloody-Rageous na 1970 da The Man Who Waved at Trains na 1975.

A nan ne masu suka suke kafa hujjarsu. A ganinsu, suna na masu shi ne, kuma wanda ya ɗauki sunan da bai raɗa ba yana cin moriyar gumin wani. Suna ƙarawa da cewa kiɗan da aka san shi da neman sabuwar hanya, idan ya koma waiwaye, to ya saɓa wa manufarsa. Wannan magana tana da nauyi, domin sau da yawa an ga tsofaffin ƙungiyoyi sun zama 'yan tallan tsohon kaya.

Sai dai hujjar ba ta kama waɗannan dattawa sosai ba. Uku daga cikinsu sun yi wa sunan bauta tun ana buga faifan garmaho, Marshall ma ya fi Wyatt daɗewa a kan kujerar ganguna nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, yawancin abin da ke cikin faifan sabo ne, wani Travis ya tsara, wani Etheridge, wani kuma nan take suka ƙirƙira shi su huɗu ba tare da rubutu ba, wanda shi ne ginshiƙin jaz. Tsohon sauti ne a hannun mutanen da suka taya ƙera shi, saboda haka ba za a kira su masu kwaikwayo ba. Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa, amma gadon da ake yabo shi ne wanda magaji ya ƙara wa wani abu, kuma sun ƙara.

Tun daga lokacin al'amura sun sake sauyawa. Babbington ya yi ritaya, Fred Baker ya karɓi jitar bes. Faifan Other Doors na 2023 shi ne na ƙarshe ga Marshall, wanda ya rasu a watan Satumba na wannan shekara, Asaf Sirkis ya hau kujerarsa. Ratledge ma ya rasu a watan Fabrairu na 2025. Da wannan, Etheridge kaɗai ya rage daga mutanen shekarun 1970, kuma ranar da ya ajiye jitarsa gardamar suna za ta dawo da ƙarfin da ya fi na 2018. A ranar, abin da kawai zai kare masu riƙe da sunan shi ne sabon kiɗan da suka iya fitarwa da hannunsu.