Daga tabarmar zubi: kafin mu huda bangon kaka

Bazara dai ta fara leƙowa, kowa ta san abin da ke tafe: Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, wata rana har ya doshi 45, ruwan randa kaɗai ke da daɗin sha.

A zubinmu na makon jiya wata ƴar ƙungiya ta nemi bashin jika 150. Ba na sana'a ba ne. Uwar mijinta ce, tsohuwa mai hawan jini, ke zaune cikin wata tsohuwar shigifa a Konni, wadda marigayi mijinta ya gina tun kafin a haifi yawancinmu. Bara da bazara ta sha wuya ƙwarai, har sai da aka kwana da ita likita. Ɗanta da ke ci-rani Abijan ya aiko kuɗi, ya ce a sa mata kilim. Kuɗin ba su isa ba, domin wani ya ba su shawarar a rushe ɗakin a yi na siminti da kwano tukuna. Ita kuwa tsohuwa ta ce: "Ɗakin da na haifi ƴaƴa tara ciki, ba mai fidda ni sai ranar da Allah ya yi."

Tabarma ta rabu biyu. Wasu suka ce lafiyar tsohuwa ta fi komi, a ba da kuɗin. Ma'ajiyarmu ta ce ita ba ta ƙi ba, amma a faɗa mata da me za a biya. Muka ɗage maganar mako guda, muka tambayi magina da masu haɗa kilim. Ga abin da muka samo.

Ɗakin ƙasa ba abin raini ba ne

Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafin rana a hankali. Kafin zafin ya ratsa shi ya shigo ciki, rana ta yi sanyi. Shi ya sa da azahar shigifa ta fi ɗakin kwano daɗin zama nesa ba kusa ba. Kwano kuwa da rana ta taɓa shi sai ya koma tanda, ya riƙa sauko maki da wuta bisa kai. Amma kar mu yabi ɗakin ƙasa fiye da kima: zafin da bango ya sha da rana, da dare yake amayar da shi. Abin da ya sa iyayenmu ke fitar da tabarma tsakar gida ke nan. Tsohuwar da ba ta iya fita ta kwana waje, ita ce ke shan wahalar.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga darajar ginin ƙasa. Ga masallacin Yama nan cikin jihar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali da itace. A 1986 ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine, aka san sunan Yama a duniya. A Dandaji ma, da aka tashi yin sabon masallaci ba a rushe tsohon ba. An gyara shi ya zama ɗakin karatu, sabon kuma aka gina shi da tubalin ƙasa da aka matse, aka bar wa iska hanyar shiga da fita. Mata biyu ne suka zana aikin, Mariam Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili, aka kammala a 2018. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ake fara yi, mai araha

Magina sun ce kafin a kawo kowace na'ura, a tare rana tun daga waje. Bangon yamma shi ne ya fi shan wuta, daga azahar har faɗuwar rana. A yi masa rumfar zana, a dasa dogon yaro nesa kaɗan da gindin bango don gobe. A shafa farar ƙasa bisa rufi da bango, domin fari yana mayar da rana. A buɗe ƴar taga can sama kusa da azara, wata kuma ƙasa a bangon da ke fuskantarta, a sa masu raga saboda sauro: iska mai zafi sama take tashi, in ta samu mafita sai mai sanyi ta biyo. Da hantsi a rufe ƙofa da tagogi a saki labule, bayan isha a buɗe duka har safe. Mu da yawa juyin wannan muke yi, mu bar ƙofa buɗe da rana tsaka, zafi ya shigo ya zauna.

Abu guda suka ja mana kunne a kai: kar a yaɓe bangon ƙasa da siminti don a ce an yi zamani. Ƙasa tana buƙatar ta sha iska. In danshi ya shiga bayan siminti ba ya samun mafita, sai bango ya ruɓe daga ciki, wata rana simintin ya ɓamɓaro ya taho da rabin bangon. Yaɓen ƙasa aka san shi da shi, a kuma gyara indararo kafin ruwan farko.

Bayan wannan sai fanka. Akwai kuma fanka mai ruwa, wadda ake zuba wa ruwa iska ta bi ta jiƙaƙƙen abu ta fito da sanyi. Dabararta ɗaya da ta randa. Tana aiki sosai a Maris da Afrilu da iska ke bushe, amma da damina ta kankama ba ta da amfani, sai ƙarin gumi. Ita ana barin taga buɗe, kuma ba a jingina ta da bango.

In dai sai an sa kilim

Kilim iri biyu muka fi gani. Akwai tsohon yayi, akwati guda, wanda sai an fasa bango an yi masa rami kamar taga. Wannan bai dace da ɗakin ƙasa ba ko kaɗan: ramin na raunana bango, jijjigarsa na tsaga shi, ruwansa na bin jikinsa. Akwai kuma wanda ake kira siplit, mai gida biyu. Ɗaya na ciki manne da bango yana hura sanyi, ɗaya na waje yana fitar da zafi. Abin da ya haɗa su bututun tagulla biyu ne ƙanana, da wayar kuran, da tiyon ruwa, duka suna bi ta huda guda da faɗinta bai wuce santimita 7 ba. A Turai da Amurka ma irinsa ake sa wa tsofaffin gidajen da ba a son a farfasa, domin ba ya buƙatar manyan hanyoyin iska cikin bango ko rufi. Ashe ba sai an rushe ɗakin Inna ba.

Sai dai akwai sharuɗɗa, kuma matar gida ce za ta tsaya a kansu, domin mai haɗawa yana gamawa zai karɓi kuɗinsa ya tafi.

Na farko, ruwa. Kilim yana tatse danshin da ke cikin iskar ɗaki, ya fitar da shi ta tiyo. Da damina yakan tara lita da yawa a yini. In aka bar tiyon na ɗiga gindin bangon ƙasa, kamar an sa wa ɗakin gara ne. Kowa ta ji yadda tsohon masallacin Damagaram ya faɗi da ruwan Satumba 2024, bayan ya haura shekara 150 tsaye. Ruwa ne babban abokin gabar ginin ƙasa, ko na sama ne ko na tiyo. A ja tiyon nesa, a tara ruwan a bokiti a ba shuka.

Na biyu, na wajen yana da nauyi kuma yana jijjiga. Kar a yarda a rataye shi jikin bango ko a aza shi bisa rufin ƙasa. A yi masa ɗan dandamali a ƙasa, cikin inuwa, inda iska ke wucewa, awaki kuma ba su kai gare shi.

Na uku, ƙusa ba ta kama ƙasa kamar yadda take kama siminti. A sa katako mai ƙwari a bango a ɗaura na cikin a kai. A yi hudar nesa da inda azara ko baka ta zauna, a karkata ta ƙasa kaɗan wajen waje don kar ruwan sama ya biyo ta, a sa bututun roba ciki a toshe gefensa. A kira magini ya tsaya ranar da za a huda.

Na huɗu, ƙura. A cire ragar da ke cikinsa a wanke duk mako biyu, in ba haka ba zai riƙa cin kuran ba ya ba da sanyi.

Lissafin da ya kashe bakinmu

Sayen kilim ba shi ne wuyar ba, ciyar da shi ne. Mai doki ɗaya da rabi yana cin wajen wat 1000. In ya yi awa 8 kowane dare, a wata zai iya kai kilowat 240. Fanka mai wat 60, awa 8 ɗin nan, kilowat 15 ma ba ta cikawa a wata. Ke nan kilim guda ya fi fanka 15 ci. Fanka mai ruwa ta gida tana tsakanin wat 100 da 200. Kowa ta ɗauko takardar kuranta ta duba nawa ake sayar mata kilowat guda, ta ninka, za ta ga amsa da idonta. In ɗaki na rufe da kyau, bangonsa na da kauri, na'urar na samun hutu, cin ya ragu. A nan ma ɗakin ƙasa ya fi na kwano.

Ga kuma kuran ɗin kansa. Akwai tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018, amma ba mu manta Agusta 2023 ba, da Najeriya ta yanke mana wuta har zuwa Maris 2024. Ranar da babu kuran kilim ado ne, bango mai kauri kuwa na nan yana aikinsa. Mu na ƙauye masu ƴar sola ta kunna ƙwai da cajin waya, kar wani ya ruɗe mu: ba ta ɗaukar kilim. Fanka mai aiki da batir ita ce daidai mu.

Lokacin ɗari ma ɗakin ƙasa na riƙe ɗumi. Wani siplit yana hura ɗumi, amma ba kowane ba, sai an tambaya kafin a saya. Abin da muke roƙo shi ne kar a kwana da kaskon garwashi cikin ɗaki a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci.

Abin da muka yanke

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, ƙa'idar asusu ba ta sake ba: bashi na ɗan lokaci ne, kuɗin kuma na kowa ne. Firiza na iya biyan kanta da ƙanƙara da zoɓo. Kilim ba ya haihuwa, kullum shi a ba shi. Bashin da ba shi da mabiya kuwa shi ke raba zumunci ranar fasa asusu.

Saboda haka muka ba ƴar'uwarmu jika 40, za ta biya daga cinikin albasarta. Da su za a yi yaɓe, da rumfar yamma, da farar ƙasa, da taga biyu, a sayi fanka. Kuɗin Abijan na nan ajiye. In Afrilu ta shigo aka ga Inna ba ta samu sauƙi ba, a sa siplit ƙarami bisa sharuɗɗan nan huɗu, amma sai mai aikowa ya amsa da bakinsa, gaban ƴan'uwansa, cewa takardar kuran ta kowane wata na wuyansa. Da aka kai wa tsohuwa labari, sai ta ce: "Allah ya yi maku albarka, ƴaƴana. Huda guda na yarda, rushewa ce ban yarda ba."

Kafin nan, mu kula da tsofaffinmu da jarirai. A riƙa ba tsoho ruwa ko bai nema ba, a jiƙa zane a shafa masa jiki. In aka ga ya ruɗe, ko jikinsa ya yi zafi gumi ya ɗauke, a kai shi likita nan take.

Mai ɗakin ƙasa ta kira magini tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyar da ta taɓa ba da bashi irin wannan kuma ta aiko mana yadda ta ƙare, ko da daɗi ko ba daɗi, mu karanta wa sauran. Allah ya ba mu bazara mai sauƙi, ya sa albarka cikin zubinmu. Sai fitowa ta gaba.