Kada a Ƙure wa Kwamfutar Jama'a Gudu

'Yan'uwa Hausawan Gedambaliya da na cikin garin Gadarif.

A zaman da aka yi a zauren Dattijo bayan girbin riɗi, an amince a sayi kwamfutar tebur da kuɗin karo-karo, domin a ɗauki hoton takardun jama'a a adana su: wasiƙun ajami da kakanninmu suka bari, da takardun gonaki, da na aure da na gado. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, mun sauki baƙi daga Hartum da Wad Madani waɗanda suka fito ba su ɗauki ko takarda guda ba. Darasin ya ishe mu.

Matasanmu, Allah ya yi musu albarka, sun kawo shawarar a sayi furosesa mai tsada, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, samfurin Core i9-14900K na kamfanin Intel, sannan a ƙure masa gudu fiye da yadda masu ƙera shi suka ƙayyade. Mun saurare su da kyau, mun kuma tambayi masu gyara. Ra'ayinmu shi ne kada a yi haka da dukiyar jama'a, ga kuma dalilanmu.

Na farko, zafi. Furosesa yana aiki ne da bugu, kamar zuciya, kuma wannan samfurin yana kai bugu biliyan 6 a daƙiƙa guda tun daga masana'anta, yana jan wuta har wat 253. Wanda ke son ƙarin gudu dole ya ƙara masa ƙarfin wuta, zafin kuwa ba ya hawa daidai da ƙarin: in an ƙara kashi 10 cikin ɗari, zafin kan ƙaru da kusan kashi 21, kafin ma a lissafa na gudun. Da zarar ya kai digiri 100, sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Masu wannan wasa a Turai suna yin sa cikin ɗaki mai sanyi. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafin waje kan wuce digiri 40, ga ƙurar da ke toshe fanka. Gudun da aka saya da tsada, rana za ta ƙwace shi kafin azahar.

Na biyu, wuta. Kowa ya san halin lantarkinmu: ta zo da rauni, ta zo da ƙarfi, ta ɗauke ba sallama. Na'urar da aka ajiye a bakin iyakarta ba ta da sauran juriya ga irin wannan. In ta tsaya ana cikin adana takarda, aikin yini ya tafi, wani lokaci har da abin da aka riga aka ajiye.

Na uku, garanti. A shekarar 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa wasu furosesa na zubi na 13 da na 14, har da wannan, suna lalacewa saboda yawan ƙarfin wutar da suke nema, ko da ba wanda ya taɓa su. Ya fitar da gyara, ya ƙara shekara 2 a kan garanti, amma wanda ya riga ya lalace sai dai musaya. Garanti kuwa ba ya ɗaukar ɓarnar ƙure gudu. Ko da yana ɗauka, wa zai kai mana na'ura ƙetare ya dawo da wata a wannan hali?

Mutanen Gedambaliya ba baƙin inji ba ne. A nan aka fara noman damina da tarakta a Sudan tun tsakiyar shekarun 1940, kuma iyayenmu sun yi aiki a gonakin dawa da riɗi. Duk direban da ya daɗe a baƙar lakar nan ya san cewa taraktar da ta kai ƙarshen shuka ta fi wadda ta yi fice kwana uku ta kwanta.

Ba mu raina ilimin matasa ba. Gaskiyarsu ce da suka ce na'ura mai rauni tana ɓata lokaci, musamman in za a haɗa bidiyon hirar tsofaffi. Amma furosesa matsakaici, irin Core i5 ko Ryzen 5, ya isa wannan aiki. Rarar kuɗin a sayi na'urar daidaita wuta, da batir da faifan sola, da fanka mai kyau, da rumbun ajiya guda biyu, a ajiye ɗaya a wani gida daban. Wanda ke sha'awar gwajin gudu ya yi da na'urarsa da kuɗinsa, za mu zo kallo mu yaba masa.

Kuɗin nan akwai na gwauruwa mai sayar da ƙosai a ciki, akwai na ɗan ƙodago da ya yanki riɗi har hannunsa ya yi kanta. Amana ce, kuma sannu ba ta hana zuwa. Za a sake zama ranar Juma'a bayan la'asar, duk mai hujjar da ta fi tamu ya zo da ita. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.