Jirgin ruwa ba motar kasuwa ba ne

Ƴan uwa manoma da makiyaya, an gama girbi. Daga Dogon Dutsi da Tibiri samari na gangarawa Gaya cin rani. Mu mutanen Arewa ba mu saba da gulbi ba. Ruwanmu na rijiya ne da tabkin damina.

Cikin gulbin Kwara akwai tsibirai. Babbansu a wajen Gaya shi ne Lete, wanda kotun duniya ta tabbatar ma Nijar a shekara ta 2005. Fulani na kiwo can. Ba a isa sai da jirgi.

Lodi ne ke kashe mutane. A shekara ta 2019 wani jirgi ya taso daga Benin zuwa kasuwar Una, wajen Sambera, shaƙe da mutane da buhuna. Iska ta taso, ya kife. Mutane da yawa suka rasu.

Saboda haka kafin ka shiga, duba bakin jirgi. In ya kusa taɓa ruwa, jira na baya. Kada ka shiga da dare ko cikin iska. In an tashi, zauna wuri ɗaya.

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Sai wata mai zuwa.