A ceci gidajen laka na Maraɗi

Bayan ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin Maraɗi a bakin gulbi, Turawan Faransa suka mayar da shi kan tudu, suka shata miƙaƙƙun tituna. Gidajen kuwa aikin magina Hausawa ne: tubali, zaure, rufin azara. Yau ana ta rushe su, ana kafa bulo da kwano mai gasa mutum da bazara.

Da ginin laka Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013. A ganina, ya kamata hukumar gari ta keɓe wasu gidajen Bagalam da Maradawa, ta hana rushe su, ta tallafa wa masu su da kuɗin yaɓe. Mu kuma malamai da iyayen Ɗan Issa, mu kai yaranmu su gani tun gidajen na tsaye.